Jan da ke jikin ƙashin kaza

Ranar sunan ɗan ƙanwata a Tibiri, Baffa ya ɓare cinyar kaza, ya ga ja a jikin ƙashi, sai ya ture kwano. "Ɗana, wannan da sauran jini," in ji shi. Uwargidana ce ta yi girkin. Ta sunkuyar da kai, ba wanda ya ƙara taɓa naman.

Kajin na gidan gona ne, daskararru na sayo su a Maraɗi. Irinsu ana yanka su suna da sati 6 zuwa 8, ƙashi bai yi ƙwari ba. In suka daskare, ɓargo yakan tsattsafo ya rina naman da ke kusa, kuma dahuwa ba ta cika kawar da launin ba. Kajin da Baffa ke kiwo a Jiratawa sai sun manyanta ake yanka su, shi ya sa bai saba gani ba.

Abin tsoro shi ne ƙwayar salmonela, wadda ido ba ya gani, mai sa zawo, amai da zazzaɓi, musamman ga yara. Zafi ke kashe ta, sai tsakiyar naman ya kai digiri 74. Gasasshiyar kaza tana iya ƙonewa a waje, cikinta ɗanye.

Iyaye da malamai, in babu ma'aunin zafi, ku tsaga inda cinya ta fi kauri. In naman yana sheƙi da santsi, a mayar wuta. In yana turiri, yana rabuwa da ƙashi cikin sauƙi, ya dahu.

Girkin uwargidana ya dahu sarai. Har yau ina jin nauyin shirun da na yi ranar.