Wutar Kainji da Rigimar Manya



Mu da muka tashi a bakin tafkin Kainji, daga Yauri zuwa Ngaski da Shanga, mun san abin da aka biya kafin a sami wutar lantarkin nan. Kafin a kammala madatsar a 1968, dubun-dubatar mutane aka tasa daga tsibirai da gaɓar Kwara. Gungawa suka bar gonakinsu da kaburburan iyayensu a ƙarƙashin ruwa. Shi ya sa abin ya tsaya mini a rai ranar da aka mayar da wannan wuta bulala.

A ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka hamɓarar da Mohamed Bazoum a Yamai. ECOWAS ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da ke bi ta Birnin Kebbi zuwa Nijar. Mali da Burkina Faso suka ce wanda ya taɓa Nijar ya taɓa su, a Satumba ƙasashen uku suka kafa ƙawancen AES. ECOWAS na kiran dimokuraɗiyya da haƙƙin shugaban da ake tsare da shi, sojojin na kiran tsaro da 'yancin ƙasa. Kowa da hujjarsa, amma majinyaci a asibitin da ba wuta da direban da kayansa ke ruɓewa a iyakar Kamba, su suka ji a jikinsu. Sai a 24 ga Fabrairu, 2024 aka ɗage takunkumin, aka ce saboda jinƙai.

Duniya ta taɓa ganin gabar da ta fi wannan. A 1975 ƙasashe 35, har da Amurka da Tarayyar Sobiyet, suka sa hannu a yarjejeniyar Helsinki. Ba yarda da juna suka yi ba, amma sun haɗa batun iyakoki da ciniki da haƙƙin ɗan Adam a takarda guda, suka ci gaba da zama a kanta.

Mu ma haka muke buƙata. Ƙasashen uku sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, amma kogin da ke ratsa Yamai shi ne yake cika tafkinmu, Lakurawa kuma ba sa nuna fasfo a kan iyaka. Garin da aka kwashe ɗalibansa daga makarantar Birnin Yauri a Yunin 2021 ya san tsaro ba abin ja-in-ja ba ne. Najeriya da Nijar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Roƙona gare mu, in za mu yi rubutu kan wannan rigima, kada mu tsaya a ɗakin taron Abuja. Mu je wurin direban Kamba, mu tambaye shi kwana nawa ya yi a ƙarƙashin motarsa.