Wa Zai Nazarci Hankalin 'Ya'yanmu?

Ranar da ɗanmu ya ce burinsa shi ne ya zama malamin jami'a mai binciken yadda hankalin yara da matasa yake girma, ba mu ji daɗi ba. Mu likita muka so, ko lauya. Muka ce da shi, yaushe renon yaro ya zama abin neman digiri har uku, alhali iyayenmu sun rene mu ba su shiga aji ba?

Bai yi mana musu ba. Sai ya kira ƙanwarsa 'yar shekara 5, ya zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu, sannan ya juye ɗaya a wata kwalba doguwa siririya. Yarinya ta kafe cewa ruwan kwalba ya fi yawa. Ya ce wannan gwajin Jean Piaget ne, wani masani ɗan ƙasar Suwizalan da ya rasu a 1980, wanda ya nuna galibin yara ba su gane irin wannan sai wajen shekara 7.

Nan jikinmu ya yi sanyi. Muka tuna shekara 7 ɗin ce Sunna ta sa a fara umurtar yaro da salla, lokacin da malaman fiƙihu ke kira tamyizi. Muka kuma tuna sau nawa muka ɗaga wa yarinyar nan bulala a kan abin da Allah bai riga Ya buɗe mata ba, muna cewa taurin kai ne. Ga shi Ibn Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi gargaɗi a Muƙaddimarsa cewa tsananta wa almajiri yana koya masa ƙarya da yaudara.

Ba mu ce a haɗiye duk abin da Turawa suka rubuta ba. Piaget yaran Janeba ya fi nazarta, ba na makarantar allo ba. Dalilin ke nan da ya sa muke bukatar namu masana, masu sanin addini, su binciki namu yaran. In mun hana 'ya'yanmu wannan fage, wa zai shiga mana?

Mun sa wa yaron albarka. Attajirai da ma'aikata, in naku ya zo da irin wannan magana, ku saurare shi tukuna. Allah Ya shirya mana zuriya, amin.