Bakin da ke zama idon jama'a

Akwai wata baiwa da muke gani ga yaranmu, mu malamai da iyaye, amma sai mu kira ta surutu. Ita ce baiwar yaron da zai kalli wasa ya ba da labarinsa nan take, har wanda bai je fili ba ya ji kamar yana wurin. Ina ganin lokaci ya yi da za mu ba ta matsayinta.

Mu a Damagaram, kokowa ta kunne muka fara saninta. Tun 1975 da aka buɗe gasar takobi a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarki na farko, mafi yawan ƴan ƙasa ba su taɓa zama a filin gasar ba. Muryar Sahel ce ke kai musu ita har gida. Lokacin da nake yaro a unguwar Birni, da zarar an fara gasa sai a sayi sabon pil, a ajiye rediyo bisa tabarma, manya da yara mu kewaye shi. Ban taɓa ganin Kadade na Tawa ko Salma Ɗan Rani na Doso da idona ba, amma na san tsayuwarsu da kamunsu. Ko Langa-Langa namu, wanda filin kokowa na Damagaram ke ɗauke da sunansa, a bakin mai sharhi na fara haɗuwa da shi.

Da na girma na shiga aikin koyarwa, sai na gane nauyin abin da mutumin nan ke yi. Jihohi 8 ke shiga gasar, kowace da ƴan kokowa 10. Dole ya san mutum 80 da garuruwansu da kirarinsu. Dole ya san lokacin da zai ɗaga murya, da lokacin da zai yi shiru ya bar ganga ta yi magana. Kaye kuwa ba ya jira, cikin ƙiftawar ido an gama, shi kuma sai ya faɗi wane ne ya kama ƙafa, wane ne ya juya. Abu mafi wuya, idan ɗan jiharsu aka kayar, haka zai faɗa, ko da zuciyarsa na ƙuna. Lura, tsara magana, riƙon amana: me muke koyarwa a lakwal da ya wuce waɗannan?

Shekaru kaɗan da suka wuce na fara gwada abin a makarantarmu. Duk ranar da azuzuwa za su kara a ƙwallo ko kokowa, sai in zaɓi yara biyu in ba su lasifikar hannu. Sharaɗi uku nake gindaya musu: a kira kowane ɗan wasa da sunansa, a faɗi abin da aka gani kawai, kada a ci mutuncin wanda ya faɗi. Ranar farko ihu ne zalla. Amma da tafiya ta yi nisa, wani yaro da ya yi shekara biyu a ajina bai taɓa ɗaga hannu ba, saboda tsoron kuskure a Faransanci, ya riƙe lasifika rabin awa yana zuba Hausa tsararriya. Washegari na ce ya rubuta abin da ya faɗa. Ya cika shafi biyu. Daga nan muka fara juya shi zuwa Faransanci, jimla bayan jimla, kuma bai ji tsoro ba, don maganar tasa ce.

Mahaifinsa ya zo wurina ransa a ɓace. Ya ce, "Mushe, karatu na kawo shi, ba roƙo ba." Na fahimci damuwarsa, don a wurinmu wanda ke ɗaga murya a fage ana haɗa shi da maroƙa. Na ce masa, "Alhaji, maroƙi yana yabon wanda ya ba shi, mai sharhi kuwa aikinsa ya faɗi gaskiya ga wanda ba ya gani." Na nuna masa shafukan nan biyu. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a bar yaron ya ci gaba, amma ban da ranar jarrabawa.

A wasu ƙasashe sun daɗe da ɗaukar wannan a matsayin sana'a. Ronald Reagan, wanda ya zama shugaban Amurka a 1981, da sharhin wasannin jami'a a rediyo ya fara aiki. Har ma yakan zauna a ɗakin watsa labarai yana karɓar gajerun saƙonnin waya daga filin besbol, wani wasan sanda da ƙwallo da suke ƙauna, ya mayar da su cikakken wasa a kunnen masu saurare. Ban ce yaranmu su zama shugabanni ta wannan hanya ba. Amma ga gidajen rediyo irin su Anfani a garin nan, ga na ƙauyuka, duk suna bukatar matasa masu bakin Hausa da idon lura.

Ƴan'uwana malamai, wannan ba ya cin kuɗi. Inda babu lasifika, kwali naɗaɗɗe ya isa. Ku kuma iyaye, idan kun ji yaro a tsakar gida yana kwaikwayon mai sharhi, kafin ku ce ya yi shiru, ku tambaye shi: to wa ya yi kaye, kuma ta yaya? Ku saurari amsarsa har ƙarshe.