Yaron da Kwamfuta Ta Ƙi Wucewa

A watan Satumba na 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe makarantu saboda 'yan bindiga. Da aka sake buɗewa, wasu yaranmu na ƙauyukan Zurmi da Shinkafi ba su dawo ba. Sunayensu suna cikin rajista, bencinsu kuwa ba kowa.

Bayan jarrabawa na zauna fitar da matsakaicin makin aji. Na ɗan koyi yaren kwamfuta da ake kira Python a nan Ƙaura Namoda, sai na ce bari na'ura ta hutar da ni. Na rubuta zagaye, watau umurnin da ke bin sunaye ɗaya bayan ɗaya yana tara maki. Amma duk wanda bai rubuta jarrabawa ba sai ta lissafa masa sifiri, aji duka ya koma kamar na daƙiƙai.

Maganin wannan kalma ɗaya ce, continue. In ta iske yaro ba maki, sai ta bar sauran aikin da ke kansa ta koma farkon zagaye. Ɗalibai, kada ku haɗa ta da break, gama ita break tsayar da zagayen take yi ɗungum, kamar jirgin ƙasa da ya iso Ƙaura, inda dogo ya ƙare.

To, ga inda na yi tuntuɓe. Zagayen while na yi, layin da ke ƙara ɗaya a lambar ɗalibi kuma na ajiye shi can ƙasa, bayan continue. Da ta zo kan wani yaron Zurmi, na goma sha bakwai a rajista, sai ta tsallake layin ƙarin, ta dawo kansa, ta sake tsallakewa. Lamba ba ta motsa ba. Na yi ta zaman jira ina zargin na'ura, alhali laifina ne.

Na mai da layin sama, lissafi ya fito tsaf. Sai dai takardar ba ta nuna ko alamar cewa akwai yara bakwai da aka wuce ba, abin ya tsaya mini a rai. Na ƙara layi guda kafin continue domin ta riƙa ajiye sunansu a gefe. Wannan jerin na kai wa shugaban makaranta, muka fara cigiyar iyayensu ta bakin direbobin tasha. Uku sun dawo zango na gaba. Na goma sha bakwai ba ya cikinsu.