Irin baban Lisa muna da su a kowace unguwa

Jama'a, duk wanda ya kalli fim ɗin Eddie Murphy na 1988, wanda muka sani da Un prince à New York, yana tune da Akeem, yariman Zamunda da ya tafi Amurka neman matar da za ta so shi don Allah. Ya ɓoye asalinsa, ya kama aikin shara a gidan abincin baban Lisa.

Ni dai baban nan, Cleo, shi ya fi tsaya mini a rai. Ya nace sai ɗiyarsa ta auri Darryl, ɗan masu kamfanin man gashi. Ranar da ya ga hoton Akeem jikin takardar kuɗi, nan take mai shara ya zama surukin kirki. Mun sha dariya, amma wallahi irinsa suna nan daga Maraɗi har Damagaram.

Abin da ke damuna, fim ɗin ya yi wa Lisa sauƙi: ta so talaka, ashe ɗan sarki ne. A nan kuwa, wadda ta zaɓi ɗan kabu-kabu, kabu-kabun za ta tarar bayan biki, ga kuɗin haya, ga gorin dangi. To iyaye, in ta ji ta gani, yaro kuma yana da hali da sana'a, ku sa musu albarka. Kada ku jira hotonsa ya fito jikin kuɗi.