Na'ura da Kalmar "Da Sauƙi"

Bahaushe ba ya son yanke magana ƙat. Ruwa a wurinmu ba mai zafi da mai sanyi kaɗai ba ne. Akwai mai ɗumi, akwai mai zafi-zafi. Tufa kan zama fari-fari ko baƙi-baƙi. Tambayi mai doya a Kasuwar Kure ta nan Minna yadda ciniki yake, zai ce "da dama-dama". Kwamfuta kuwa a kan sifili da ɗaya aka gina ta: ko i, ko a'a.

A shekarar 1965 Lotfi Zadeh, wani masani haifaffen Baku da ya koyar a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, ya fito da wata dabarar da muka ga ya dace mu kira ta lissafin dama-dama. A cikinta abu kan zama gaskiya da wani gwargwado tsakanin sifili da ɗaya. Alal misali, ruwa ya zama mai zafi da darajar 0.7. Da ita aka sarrafa tafiya da birkin jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Sendai a Japan a 1987. Ana kuma amfani da ita wajen tsara allon da mutum ke zance da na'ura ta kansa, don ta fahimci "kaɗan" da "sosai".

Lissafin ba zai gagari ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano ba. Abin da ke damunmu shi ne: wa zai yanka wa kalma darajarta? Ranar da mutumin Jos zai kira mai ƙuna, mutumin Minna, wanda ya saba da watan Maris, cewa zai yi garin ba laifi.

Wannan ma mai sauƙi ne. A ce an ajiye irin wannan allo a ɗakin shan magani yana tambayar majinyata da Hausa. Tsohuwa ta zo, ciwo ya ci ƙarfinta, aka ce yaya jiki, ta ce "da sauƙi". Mun san ko tana gargara haka za ta faɗa, domin tawakkali da kunya sun hana ta raki. Wanda ya ɗauko ma'anar daga ƙamus zai ba amsar 0.8 a ma'aunin lafiya, na'ura ta mayar da ita ƙarshen layi. Malamar asibiti kuwa za ta ji yadda muryar ta ja, ta lura ba a ƙara da "sosai" ba, ta dubi 'yar rakiya da ta sunkuyar da kai, ta shigar da ita wurin likita nan take.