Taswira a Cikin Ƙorama: Daga Agadas zuwa Timiya

Tsakanin Agadas da Timiya kimanin kilomita 220 ne, amma duk wanda ya taɓa shiga duwatsun Abzin ya san ba a auna wannan hanya da kilomita. A hunturun 2022 aiki ya kai mu can, duba famfunan sola da aka kafa wa masu lambu. Da yake ni ne ƙaramin cikin ayarin, kuma ni ake gani kullum da waya a hannu, sai aka ɗora mini neman manhajar da za ta nuna mana hanya bayan sabis ya ɗauke.

Gardama ta fara tun a masauki. Wani dattijo cikinmu ya rantse cewa wayar da ba ta da sabis ba ta san inda take ba. Sai da na sa tawa a yanayin jirgin sama, muka fita tsakar gida, shuɗin ɗigon nan ya fito daidai unguwar da muke, kafin ya yi shiru. Waya saurare kawai take yi: taurarin ɗan Adam na GPS, mallakar Amurka, suna aiko da sigina kyauta, kuma in ta kama aƙalla huɗu daga cikinsu za ta lissafa inda take. Abin da ke buƙatar data shi ne taswirar da ɗigon zai zauna a kai. In ba ka sauke ta tun kana gari ba, za ka ga kanka a tsakiyar farin fili.

Daren nan na yi ta sauke-sauke. Google Maps kowa ya san ta, tana bari ka yanki wani yanki ka ajiye, sai dai ajiyar ba ta haɗa da hoton ƙasa daga sama, kuma ƙarfinta yana inda akwai titi mai suna. Gaia GPS da onX Offroad, waɗanda masu yawon daji na Amurka ke yabo, sai ka biya kuɗi kafin ka ajiye taswira, ta biyun ma don hanyoyin can aka gina ta. Na bar su. Saura biyu, Organic Maps da OsmAnd, kuma daga rijiya ɗaya suke ɗibar ruwa, wato OpenStreetMap, taswirar da aka fara a Ingila a 2004 wadda 'yan sa kai ke zanawa. Organic Maps, da ta ɓalle daga Maps.me, mai sauƙi ce, ko yaro zai iya da ita, don haka ita na sa wa sauran abokan tafiya. OsmAnd kuwa tana da maɓallai har su gundure ka, amma na zaɓe ta don abu ɗaya: tana rubuta duk inda mota ta bi, ta ajiye shi a fayil ɗin GPX.

Direbanmu, Baba, Buzu ne, dattijo mai rawani, wanda ya fara bin hanyar da raƙuma kafin ya kama sitiyari. Da na maƙala wayar a gilashi ya dube ta ya ce, "Ɗana, ita ma za ta sha shayi in mun tsaya?"

Har Dabaga, ni da shi ba mu saɓa ba. Muna bin gefen ƙoramar Telwa, goruba hagu da dama, layin taswira da sawun taya suna tafiya tare. Bayan Elmeki, garin da aka san shi da haƙar kuza, abin ya fara sauyawa. Muka iso bakin wata ƙorama, layin ya ce mu miƙe mu tsallaka. Baba ya karya sitiyari dama, ya shiga cikin yashin ƙoramar yana bin ta sama.

Na ce, "Baba, hanya ta ce gaba."

Ya ce, "Hanyar bara ce. Je ka duba."

Na sauka na taka. Inda layin ya tsallaka, ruwan damina ya yanke gaɓar, ta zama gangare mai tsayin mutum. Wanda ya zana layin bai yi ƙarya ba, a lokacinsa nan ne mashiga. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsu a watan Agusta ne ke sake shata hanya kowace shekara, kuma babu wanda yake zuwa ya sanar da taswira. Tun daga wurin na kashe muryar nan mai cewa "juya dama, juya hagu". A ganina, a irin wannan ƙasa muryar ba ta da wani aiki sai sa sabon direba ya yi wa mai hanya gardama.

Amfanin wayar ya fito ta wata fuska. Duk inda Baba ya nuna da baki ya ce nan akwai rijiya, nan yashi mai laushi ne sai an rage iskar taya, nan ne mashigar bana, sai in dasa alama in rubuta sunan yadda ya faɗe shi. Da farko yana yi mini dariya, can sai ya koma shi ke tuna mini: "Ɗana, ka sa wannan?"

Rana kuma ta koya mana nata darasin. Ko a hunturu, wayar da ke manne a gilashi da tsakar rana zafi take ɗauka har ta daina caji, allon ya dushe. Dole na cire ta na mayar inuwar kujera, ina duba ta jefi-jefi. Rubuta sawu yana cin batir, saboda haka igiyar caji ba ta rabu da ita ba.

Timiya ta tarbe mu da lemu da rumman da dabino, kore shar a tsakiyar baƙaƙen duwatsu. Muka yi aikinmu.

A dawowa ne aka raba ayarin. Baba ya tsaya da mota ɗaya zai kai injiniya wani lambu, ɗaya motar kuma, wadda wani matashi daga Damagaram ke ja, ta yi gaba da mu. La'asar sakaliya iska ta taso da ƙura, ta shafe sawun tayoyinmu na zuwa. Muka iso inda ƙorama ta rabu biyu, bakin kowacce iri ɗaya, ƙaya da duwatsu. Matashin ya taka birki ya ce, "Yaya, wacce?" Na buɗe sawun da muka rubuta. Jan layi ya bi ta hagu, ga kuma alamar mashigar da Baba ya sa na dasa. Muka bi ta a hankali, yana tuƙi ina faɗa masa in mun kauce da 'yan mitoci, har muka hau tudu muka ga fitilun Elmeki.

Da muka haɗu a Agadas, matashin ya ba Baba labari. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya miƙo mini wayar ɗansa ya ce in tura masa fayil ɗin ta WhatsApp, yaron zai fara kai albasa da lemu kasuwa shi kaɗai. Ya ƙara da cewa in damina ta wuce a goge mashigar nan, zai nuna wa yaron sabuwa.